Tsohon injin zarto: na shekarun 1960 ko na 1980, wanne za ka fara ɗora wa hannu?

A kan teburin aikina akwai injinan zarto guda biyu da suka daɗe tare. Ɗaya Homelite XL-12 ne, shuɗi, fentinsa ya koɗe daidai inda tafin hannu ke kamawa. Ɗayan Husqvarna 266 ne, ruwan lemo, wanda ya girmi yawancin masu yi mini tambaya a kansa. Duka biyun a mace na same su, da hannuna na tashe su, kuma ina son kowanne. Amma in iska ta kayar da bishiya aka ce a zo a datsa, ba na ko tsayawa shawara, na biyun nake ɗauka. Na farkon kuwa sai ranar da na samu sarari, in fito da shi, in ja igiya, in yanka gungume biyu ko uku, in saurari muryarsa, in goge shi in mayar.

Wannan bambancin ne ya kamata mai niyyar farfaɗo da tsohon injin zarto ya warware wa kansa tun bai saki kuɗinsa ba. Injin 1952 tsoho ne, na 1965 tsoho ne, na 1988 ma tsoho ne, amma tsakaninsu kamar raƙumi da jaki da doki ne, kowanne ana hawa, kowanne da irin tafiyarsa da irin cimarsa.

Bari in fara sallamar raƙuman. Tun da Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a Jamus a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar kuma ya fito da mai shan fetur a 1927, har zuwa ƙarshen shekarun 1940, yawancin injinan na mutum biyu ne, ɗaya a wajen injin, ɗaya riƙe da ƙarshen dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, wanda zan riƙa kira takobi. Da yawansu kafireto irin na tsohon babur ne da su, mai ɗan kwano da fetur ke taruwa a ciki, don haka in za a kayar da bishiya sai a juya takobin a bar injin a tsaye, in ba haka ba ya mutu. McCulloch ne a Amurka ya fito da samfurin 3-25 a 1949, mai nauyin kusan kilo 11, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Injinan wannan zamani abin kallo ne, ba na musu. Sai dai wasunsu na amfani da sarƙar da aka daina yi, mai ma'aunin tazarar rabin inci ko fiye, wasu ma irin tsohuwar sarƙar nan mai karta itace maimakon feƙe shi, wadda aka yi amfani da ita kafin Joseph Cox ya ƙirƙiro haƙori mai lanƙwasa bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin gungume, ya kafa kamfanin Oregon a 1947. Wanda ya fara da irin waɗannan, zai iya yin shekara yana neman ɗan ƙarfe guda. In kana da injin sassaƙa ƙarfe da haƙurin mai tara kayan tarihi, bismilla. In ba haka ba, ka bar su sai gaba.

Ainihin zaɓin yana tsakanin zamani biyu. Na farko daga wajajen 1959 zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da injinan suka yi sauƙin ɗauka amma ba a soma damuwa da lafiyar mai riƙe su ba. Na biyu daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990, lokacin da aka samu birkin sarƙa da robobin rage karkarwa, amma ba a kai ga cika injin da kwamfuta da kafireton da ba ya saituwa ba.

A zamanin farko, XL-12 ne sarki a wajen yawa. Ya fito a 1963, sunansa kuma daga nauyinsa aka samo shi, laba 12 ba tare da takobi da sarƙa ba, wato kilo biyar da rabi ko kusa da haka. Injinsa cc 54, gangar jikinsa ta magniziyam, kuma an shafe fiye da shekara ashirin ana ƙera shi. Abokin hamayyarsa shi ne McCulloch 10-10, rawaya, shi ma cc 54, wanda na farko-farkonsa igiyar tayarwa a dama take, abin da ke rikita hannun wanda ya saba da na yanzu. A Jamus kuwa akwai Stihl 041 mai cc 61. A zamani na biyu, waɗanda nake nufi su ne dangin Husqvarna 61 da 266 da 268 da 272, sai na Stihl irin su 028 da 038 da 026 da 044. Akwai Jonsered da Partner na Suwidin, da Sachs-Dolmar, da Echo na Japan, da Pioneer na Kanada, duka masu kyau ne, amma ba su kai waɗancan sauƙin kayan gyara ba.

In ka kwance XL-12 a kan tebur, abin da zai fara burge ka shi ne ƙarancin kayan cikinsa. Kafireton a manne yake da gangar injin, ba doguwar roba a tsakani. Man sarƙa da babban yatsa ake tura shi, ɗan famfo ne kawai da sanda, ba abin da zai lalace sai zoben roba guda. Mariƙin a ɗaure yake kai tsaye a jikin ƙarfe. Mutumin da bai taɓa buɗe inji ba zai iya wargaza shi a yini ɗaya ya gane aikin kowane ƙarfe. Don koyon yadda injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yake numfashi, ban san malamin da ya fi shi ba.

Wajen wuta ma tsohon ya yi wa sabon zarra, abin da mutane da yawa ba sa tsammani. Injinan shekarun 1960 kwantak da kwandansa ne ke ba su wuta, a ɓoye a bayan faifan maganaɗisu. In wuta ta ɗauke, sau da yawa datti ne ko tsatsa a bakin kwantak. Ka cire faifan, ka goge bakin da lallausan magagari, ka saita tazarar a wajen milimita 0.4, ka share da takarda mai tsabta, wuta ta dawo. Ko kwandansa ce ta mutu, ana iya ɗauko ta wani injin a ɗaura, ko a sa ɗan ƙaramin guntun lantarki da ake sayarwa don maye gurbin su duka. Kwayil na zamani na biyu kuwa a rufe yake ruf, an zuba masa roba ya daskare. Yana iya yin shekara talatin bai yi ko tari ba, amma ranar da ya mutu ya mutu ke nan, ba gyara sai canji. A wasu samfuran farkon zamanin wutar lantarki, musamman na shekarun 1970, kwayil ɗin ne ya fi kome wuyar samu, har za ka ga inji lafiyayye an jingine shi saboda shi kaɗai. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya cire fulogi, ya manna shi a jikin silinda, ya ja igiya ya ga shuɗiyar wuta da idonsa. A injin kwantak rashin wuta ba ya tsorata ni, ragi kawai nake nema a kansa. A injin kwayil rufaffe, sai na tabbatar ana samun irinsa kafin in taya.

Kafireto bai raba su sosai ba. Yawancinsu na Tillotson ne ko Walbro, masu tantanin roba da ke tsotso mai ko da an kifar da injin. Tantanin nan yana bushewa ya yi tauri kamar busasshen ganye in inji ya daɗe a ajiye, kuma shi ne dalilin da ya sa tara cikin goma na injinan da na taɓa samu a ajiye suke ƙin tashi ko su tashi su mutu. Har yau ana buga sababbinsa. Inda za ka kula shi ne wasu McCulloch da ke ɗauke da kafireton da kamfanin ya ƙera da kansa, waɗanda kayansu ke wahala. Ka ɗaga murfin matatar iska ka karanta sunan da ke jikin kafireton kafin ciniki.

To, daga nan ne sikeli ke fara rinjaya zuwa ɗaya ɓangaren. McCulloch ya durƙushe a 1999, sunan ne kawai ya rage a hannun Husqvarna. Homelite ya shiga hannun kamfanin John Deere a 1994, daga baya a 2001 ya koma hannun wani kamfanin Hong Kong mai suna TTI, abin da ake sayarwa da sunansa yanzu kuma ba shi da dangantaka da XL-12 sai ta suna. Ma'ana, fistan da silinda da kuloci na waɗannan injinan, ko ka samu ragowar tsohon kaya da bai taɓa shiga inji ba, ko ka sayi wani mataccen injin ka riƙa cirewa. Da yake an ƙera su da yawa, matattun ba su ƙare ba tukuna, kuma duk mai XL-12 guda ɗaya da ke aiki za ka tarar yana da biyu a ƙarƙashin tebur da yake yanka don ciyar da shi. Amma Stihl da Husqvarna suna nan da ransu, kuma wasu tsofaffin samfuransu ba su mutu ba, suna kawai suka canza. Stihl 038 mafi girma, mai cc 72, shi ne ya zama MS 380 da MS 381. 026 ya zama MS 260, 044 ya zama MS 440, 066 ya zama MS 660. A gidan Husqvarna kuwa, 61 da 266 da 268 da 272 kusan gangar jiki ɗaya suke da ita, har mutane kan ɗora silindar 272 a kan 61 in sun canza 'yan kayan da ke haɗe da ita. Ga kuma kamfanoni barkatai, a Italiya da Taiwan da Sin, da ke buga musu fistan da zobe da boris da gasket. Ingancin ya bambanta ƙwarai, wani kamar na asali, wani kuwa ko awa goma ba zai yi ba. Ni dai in silindar asali tana da sauran rai, na fi son in wanke ta in sa mata fistan mai kyau da in ɗora sabuwa mai araha.

Wani ƙaramin abu da ke cin rai: injinan Amurka na wancan lokaci da ma'aunin inci aka yanka kusoshinsu, na Turai kuwa da milimita. In duk sifanunka na milimita ne, sai ka ƙaro wasu, kuma noti ɗaya in ya faɗi ya ɓace ba lallai ka samu madadinsa a cikin gwangwanin tarkacenka ba. Haka mazaunin takobi, kowane kamfani da irin hudarsa da inda ramin mai yake. Sarƙa dai da sauƙi, domin masu ma'aunin tazarar inci 3/8 da .325 da .404 duk ana yin su har gobe, sai dai ka tabbatar kaurin ƙafar sarƙar ya dace da kwarin takobin, ko milimita 1.3 ne, ko 1.5, ko 1.6.

Na zamani na biyu ma yana da nasa ciwon, kuma roba ce. Don a raba hannun mutum da karkarwar inji, sai aka ɗora tankin mai da mariƙi a kan robobi, a wasu samfuran kamar 038 kuma aka haɗa kafireto da silinda da wani maƙogwaron roba da siririn tiyo. Bayan shekara talatin da ɗoriya, duk waɗannan sun tsufa. Tsaga ɗaya da ido ba ya gani a maƙogwaron nan, ko a robar da ke toshe bakin karanshaf, ta isa ta sa injin ya shaƙi iska fiye da ƙima. In iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin zai yi ta ƙara mai daɗin ji, gudu ya ƙaru, zafi ya hau, cikin 'yan mintuna fistan ya narke ya shafe a bangon silinda. Yawancin injinan da za ka samu a ƙone, wannan ne ajalinsu, ko kuwa wani ya zuba musu fetur zalla. Wanda ya canza fistan bai nemo inda iska ke shiga ba, ya yi aikin baban giwa, sabon ma haka zai ƙone. Don haka duk injin da na buɗe, na kowane zamani, sai na toshe bakin kafireto da na salansa, na hura masa iska da ɗan famfon hannu zuwa wajen rabin bar a ma'aunin matsi, na zuba ido in ga ko allura za ta sauka, sannan na juya na tsotse iskar na sake dubawa. Tsohon na 1960 wuraren yoyonsa kaɗan ne, kuma da yake ba ya gudu sosai yakan yi haƙuri da ƙaramin kuskure. Na 1980 yana juyawa sau 12,000 zuwa 13,000 a minti, ba ya yafiya.

Wannan gudun shi ne kuma bambancinsu a cikin itace. Tsofaffin suna aiki ne a wajajen juyi 6,000 zuwa 8,000, da murya mai kauri, suna tafiya a hankali kamar sa a gona, ka danna su ba sa saurin tsayawa. Akwai daɗi a cikin hakan wanda sai wanda ya riƙe ya sani. Amma in aikin yini ne, 266 zai gama tari ya bar XL-12 a rabi, da ƙarancin mai, kuma ba sai kana tuna danna famfon man sarƙa duk bayan 'yan daƙiƙu ba. Wanda ya manta da famfon nan, takobinsa ne zai yi shuɗi don zafi.

Akwai cutar da ta fi kama na zamanin farko, ita ce ruɓewar magniziyam. Wannan ƙarfe ba ya tsatsa ja irin ta baƙin ƙarfe, fari yake yi kamar an barbaɗa toka, yana cinyewa daga ciki. Damshi ne ke jawo shi, musamman in an ajiye injin shekaru a kan siminti ko ƙasa, ko ruwa ya kwanta a gindin tanki. Na taɓa sayen wani inji da aka yi wa sabon fenti yana ƙyalli, ban leƙa cikin tankinsa ba. Da na zuba mai, kafin gari ya waye ya tsattsafo ta ƙasa ya jiƙa katakon tebur. Da na kankare fentin, sai ga gindin tankin kamar rariya. A irin waɗannan injinan tankin ɓangare ne na gangar jiki, walda a kan magniziyam kuma aiki ne na gwani, ga garinsa na kama wuta. Injin nan ban tashe shi ba har yau, kayansa kawai na ci. Tun daga ranar nake tafiya da tocila, kuma nake zargin duk tsohon injin da fentinsa ya fi shekarunsa kyau. Na zamani na biyu ma gangarsu magniziyam ce, suna iya kamuwa, amma da yawansu tankinsu roba ne, kuma shekarun da suka yi a ajiye ba su kai na waɗancan ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Injin zarto yana harbi kamar jaki. In saman hancin takobin ya taɓa wani reshe ko gungume alhali sarƙa na gudu, haƙori ya cije, takobin gaba ɗaya yakan yi tsalle sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Don wannan aka ƙirƙiro birkin sarƙa, Stihl a 1972, Husqvarna a 1973 a kan samfurin 140: wani mariƙi a gaban hannun hagu wanda in ya bugi wuyan hannu, ko ƙarfin harbin ya girgiza shi, yake damƙe kuloci ya tsayar da sarƙa a wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. XL-12 na shekarun 1960 ba shi da wannan. 10-10 na farko ba shi da shi, 041 na farko ma haka. Da yawansu ba su da ko garkuwar hannu, ba su da ɗan ƙarfen da ke cafke sarƙa in ta tsinke, ba su da makullin da ke hana totur dannuwa da kuskure. Ba gyaran da zai sa musu abin da ba a halicce su da shi ba. Sarƙa mai rage harbi da gajeren takobi suna taimakawa, amma ba su zama birki ba.

Sai karkarwa. A shekarun 1960 ne masu aikin daji a arewacin Turai da Japan suka yi ta fama da ciwon da ke sa yatsu su yi fari fat, su mutu, su daina jin taɓi, saboda jijiyoyin jini sun lalace da girgizar inji. Wannan ne ya tilasta wa kamfanoni neman mafita, har Husqvarna ya fito da samfurin 180 a 1969 wanda aka gina shi tun daga tushe da tsarin rage karkarwa. Ka yanka da XL-12 na minti ashirin, in ka ajiye za ka ji tafinka na zuga kamar an cusa ƙudan zuma a ciki. Sau ɗaya a wata ba kome. Kullum kuwa, cutar tana taruwa ne, kuma in ta kama ba ta cika saki ba. Ƙara ma haka, duka zamanin biyu sun haura desibel 100, amma salansar tsofaffin kusan gwangwani ne kawai da huda. Abin toshe kunne, gilashin ido, hular kwano, wandon da ke da zaren da ke shaƙe sarƙa, da takalmi mai ƙarfe a baki, waɗannan ba na tayar da kowane inji ba tare da su ba, balle wanda ba shi da birki.

Kada kuma ka ɗauka duk injin 1980 birkinsa na aiki. Da yawa an cire musu, wasu ɗamarar ƙarfen da ke cikin murfi ta karye an bar mariƙin don ado. Ka buɗe murfin kuloci ka gani, ka tura mariƙin gaba ka ji ya yi ƙas, ka gwada jan sarƙa da safar hannu.

Akwai inji guda da ya ƙi zama a kowane ɓangare, dole in ware masa wuri. Stihl Contra ya fito a 1959, cc 106, ƙarfin doki 6, nauyi kilo 12, sarƙarsa na karɓar juyi kai tsaye ba ta giya ba. Magajinsa 070 da babban wansa 090 mai cc 137 suka biyo baya a 1968. Ta fuskar ƙira, 070 ɗan zamanin farko ne sak: nauyi, jinkiri, karkarwa, ba birki. Amma ta fuskar kayan gyara ya fi kowane sauƙi, domin an ci gaba da ƙera shi shekaru da dama bayan an daina sayar da shi a Turai, kuma ana kwaikwayonsa ƙarfe bayan ƙarfe, har mutum zai iya haɗa guda sukutum daga sababbin kaya. Wannan alheri ne ga mai gyara, tarko ne kuma ga mai saye, domin jabu ya yi yawa, wani ma rabinsa asali rabinsa kwaikwayo. Ga mai tsaga gungume zuwa katako da dogon takobi da sarƙar .404, musamman in an ɗaure injin a kan firam, ƙarfinsa a ƙaramin gudu abin nema ne. Ga mai datsa rassa ko itacen wuta, wannan nauyin azaba ce da haɗari a banza.

Ko wanne ka nufa, salansa ce tagar da za ka leƙa. Kusoshi biyu ko uku ne, ka cire ta, ka haska, ka ja igiya a hankali. Fistan mai lafiya sumul yake, zobensa na motsi in ka taɓa shi da tsinke. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ya taɓa ƙonewa. Ba lallai silindar ta mutu ba, domin sau da yawa alminiyam ɗin fistan ne ya shafe a kanta, ana iya kankare shi a hankali. Amma in farcenka ya maƙale a rami, ko rufin bangon ya ɓare, ta tafi, kuma a nan ne tambayar ko ana samun wata take yanke hukunci. Ma'aunin matsi in ya nuna wajen psi 150 inji na da ƙarfi, in ya faɗo ƙasa da 120 akwai aiki a gaba. In babu ma'auni, ka ɗaga injin da igiyar tayarwa: mai matsi zai riƙa sauka da tsalle-tsalle a hankali, wanda ya gaji kuwa zai sulale ƙasa. Ka kama faifan maganaɗisu ka girgiza sama da ƙasa, in akwai wasa boris ya tafi. Kuma in ka zo kwance kuloci, ka tuna a yawancin injina zarensa na hagu ne, wanda ya murɗa shi yadda ya saba ƙara ɗaure shi yake yi.

A jikin tsofaffin za ka ga an rubuta a haɗa fetur kashi 16 da baƙin mai kashi ɗaya, ko 25 da ɗaya. An rubuta haka ne lokacin da baƙin man mota ake zubawa. Da man injin bugu biyu na yanzu mai kyau, wato wanda aka yi musamman don haɗawa da fetur, ni 32 da ɗaya nake ba na shekarun 1960, 40 da ɗaya kuma na 1980, in saita kafireto a kan wannan haɗin in daina canzawa. Allurai biyun saita mai da ke jikin kafireto, H ta babban gudu da L ta ƙaramin gudu, a mayar da su ciki a hankali har su taɓa, a warware kowacce kamar zagaye ɗaya, daga nan a bi da kunne. In ka danna totur ba a cikin itace ba, ya kamata ka ji 'yar gargada a muryar, wadda ke washewa da zarar sarƙa ta kama itace. Muryar da ta yi siriri tas tun a iska alamar yunwar mai ce, a buɗe H kaɗan.

Batun fenti ra'ayi ne, nawa kuma shi ne a bar shi. Koɗewar da ke kan mariƙi tarihin hannun da ya riƙe shi ne, masu tara irin waɗannan ma sun fi daraja na asali ko da ya sha jiki. Sai in ruɓewa ta fara, sannan a kankare a rufe don a ceci ƙarfen.

To wanne? In so kake ka samu injin da za ka tasa da hannunka kuma ka yi aiki da shi, ka kayar, ka datsa, ka tara itace, ka nemi Husqvarna 61 ko 266 ko 268, ko Stihl 038 ko 028 ko 026, mai cikakken birki. Wannan nake ba duk wanda zai fara shawara, ko da ya ce shi tsohon ƙarfe yake so, domin kuskuren farko a kan injin da kayansa ke samuwa kwana kaɗan yake ci, kuma in hannu bai ƙware ba birki na nan a tsakaninsa da sarƙa. In kuwa kana da injin aiki tuni, hannunka ya saba, abin da ke jan ka shi ne ka ga yadda aka yi tunanin inji shekara sittin da suka wuce, ka sayi XL-12 ko 10-10, ka sayi na biyunsa don kaya. Ka sa masa takobin da bai wuce inci 16 ba, ka yanka gungumen da ke kwance a kan mazauni, ƙasa da ƙugunka, hancin takobi a fili ba ya taɓa kome, kada ka hau sama da shi, kada kuma ka ara wa wanda bai san halinsa ba.

In ka gama yankan, ka juye sauran man da ke tanki, ka tayar da shi ya tsaya a silo har ya mutu da kansa don kafireto ya bushe, musamman in fetur ɗin na da haɗin etanol, wanda ke jan damshi yana cin tiyo da tantani. Ka sassauta sarƙa tun da zafinta, domin in ta huce takan tsuke ta ja karanshaf. Sannan ka ɗora shi a kan katako, nesa da siminti.